Wa Ya Yi Wa Tukwanen Gwaggo Asiri?

Ranar huɗu ga azumin 2025, tun kafin a kira la'asar, Gwaggo ta buga mini waya muryarta na rawa. Ta ce in ajiye duk abin da nake yi in zo Gwagwa, an yi mata sammu.

Gwaggo yayar mahaifina ce, kuma shekararta ashirin da 'yan kai tana sayar da abinci a Abuja. Ba mace ba ce mai saurin zargi, shi ya sa na hau babur ban tsaya tambaya ba. Na iske ta a bayan rumfa ta jera tukwane uku kamar masu jiran shari'a. Manya ne, irin na girkin biki, girmansu ɗaya. A watan Janairu ta ba da aikinsu saboda hidimar azumi, wajen wani tsohon maƙeri a gefen Dei-Dei wanda ta daɗe tana ciniki da shi.

Ta farko ta tsage daga gindin kunne zuwa tsakiyar ciki lokacin da yara biyu suka ɗago ta da shinkafa. Ta biyu ba ta fashe ba, gumi take yi. In an zuba ruwa sai ɗigo ya riƙa taruwa a gindinta yana faɗawa wuta yana cuu. Ta uku lafiyarta ƙalau, ga nauyi ga kwarjini, ita ce ma Gwaggo take yabo. Amma abin da ya fi tayar mata da hankali shi ne, duk ukun cikinsu ya rine baƙi ƙirin tun girkin farko.

"Ɗan nan, ka taɓa ganin sabuwar tukunya ta yi baƙi daga ciki? Wuta a waje take." Ta faɗa tana satar kallon tsallaken titi, inda wata mata ta buɗe rumfar abinci wata biyu da suka wuce.

Na tambaye ta me ta fara dafawa. Ta ce wake, don alala da shinkafa da wake. Na ce ta sa kanwa? Ta harare ni, wai wa ke dafa buhun wake ba kanwa.

Wannan kam na san amsarsa tun darasin kimiyya na sakandare. Alminiyum, wanda iyayenmu ke kira sanholo ko goran ruwa, ba ya tsatsa irin ta baƙin ƙarfe saboda da zarar iska ta taɓa shi sai wata fata siririya, wadda ido ba ya gani, ta lulluɓe shi. Fatar tana jure ruwa da mai, amma ba ta jure kanwa mai yawa, ba ta kuma jure tsami mai ƙarfi. Kanwa tana cinye ta, ta bar baƙin dabbare. Na sa aka jiƙa tsamiya aka tafasa a tukunyar da ke gumi, kafin a sha ruwa cikinta ya washe har inda ruwan ya tsaya. Gwaggo ta leƙa, ta yi shiru, sannan ta ce, "To baƙi ya fita. Tsaguwar fa, ita ma tsamiyar ce za ta ɗinke?"

Gaskiyarta. Na fara zargin wuta, don a shekarar ta koma girki da babban murhun gas. Amma lissafin bai hau ba. Sai zafi ya kai digiri 660 alminiyum yake narkewa, tukunyar da ke da ruwa a ciki kuwa ba ta nisa da digiri 100. Ga kuma shaida a gabana: tsohuwar tukunyarta, wadda maƙerin nan dai ya zuba mata tun farkon zuwanta Abuja, tana kan murhu iri ɗaya tana aiki ko gezau.

Tsohuwar ce ta ba ni dabara. Na ɗauki ludayi na ƙwanƙwasa bakinta, ta yi amo mai tsawo kamar ƙararrawar makaranta. Mai gumi ta yi ƙara gajeriya, a dakushe. Mai nauyi ta amsa, amma da wata murya daban. Muka kai su sikelin mai sayar da gas na kan kwana. Tsagaggiya da mai gumi nauyinsu ya yi kusa da juna, ta uku kuwa ta ɗara su da fiye da kilo guda, alhali da na gwada kaurin bakinsu da yatsa ban ji bambanci ba. Daga nan na ari magagari wajen mai gyaran janareta na goga gindin kowacce. Tsohuwar ta zubo da gari mai laushi, ruwan toka, magagarin yana ƙara kamar ana goga dutse. Tsagaggiyar kuwa sai ta riƙa liƙe wa haƙoran magagarin kamar ƙaro, wurin da na goga ya fito fari fat yana ƙyalli.

Abu na ƙarshe da na lura da shi a daren shi ne fuskar tsagar. Da na haska ta da fitilar waya, na ga kashi biyu ce. Daga ƙasa sabuwa ce tana walƙiya. Daga sama, kusa da kunne, tsawon ɗan yatsa, dusu-dusu take, mai gudaji-gudaji kamar tsakin masara. Wannan ɓangaren ba ranar ya tsage ba.

Washegari na ɓalle guntu daga tsagaggiyar, na ƙulle garin sauran a takarda, na nufi Idu wajen wani abokina, Injiniya, da ya karanci ilimin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ya saurare ni har na gama, sannan ya yi dariya.

"Malam, kuskurenka tun daga suna ne. Kai kana cewa tukunyar alminiyum kamar wanda ya ce ya sayo hatsi. Gero ne, dawa ce, ko maiwa?"

Ya ɗauko takarda. Ya ce tsantsar alminiyum laushi gare shi, ba ya iya ɗaukar kaya, don haka kusan duk wanda muke gani an gauraya shi da wani abu kaɗan, kuma ɗan abin nan shi ke sauya halinsa gaba ɗaya. Tun 1954 masana'antun Amurka suka tsara ba kowane gauraye lamba huɗu, duniya ta bi. Lambar farko ita ce sunan gidan. Gidan 1000 su ne kusan tsantsa, kashi 99 cikin 100 ko fiye. Wayar wutar lantarki da ke bisa turaku lamba 1350 ce, don ta fi sauran iya ɗaukar wuta. Gidan 3000 da manganis ake haɗa su, suna lanƙwasuwa ba su karye ba, suna jure ruwan sama, shi ya sa ake yin kwanon rufi da jikin gwangwanin lemo da su. Gidan 5000 na maganiziyam ne, ruwan gishiri bai cika cin su ba, su ake ƙera jiragen ruwa da su. Ya ce in duba gwangwani ɗaya tak: jikinsa 3004 ne ko ɗan'uwansa, murfinsa kuwa 5182, don murfi yana bukatar tauri. Gwangwanin da yaro ke harbawa da ƙafa gida biyu ne aka aurar.

Gidan 2000 da na 7000 ya wuce su da sauri, ya ce ba su cika zuwa bolarmu ba. Na farko da jan ƙarfe, na biyu da tutiya, su ne na jirgin sama. Lamba 7075 ta ninka tsantsar alminiyum ƙarfi wajen sau shida, amma ba ta son walda, kuma danshi yana cin ta in ba a kare ta ba.

Sai ya ɗaga guntun da na kawo. "Wannan kuwa, in ban yi kuskure ba, taga ce."

Firam ɗin tagogi da ƙofofin gilashi da suka cika gine-ginen Abuja, daga Gwarinpa zuwa Lugbe, galibi 6063 ne, ɗan gidan 6000, mai ɗan maganiziyam da ɗan silikon, kowanne bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ana dumama shi a matso shi ta cikin ƙarfe mai huda kamar yadda ake matsa taliya, ya fito dogo, sumul, da siffar da ake so. Yayansa 6061 ya fi shi ƙarfi, shi ake yin firam ɗin keke da tsani da shi.

Na ce ai nan ne ban gane ba. Firam ɗin taga yana da ƙwari, ɓarawo ma sai ya sha wuya kafin ya lanƙwasa shi. Ta yaya tukunyar da aka yi da shi za ta kasa ɗaukar shinkafa?

Nan ya ba ni labarin Alfred Wilm, wani Bajamushe mai binciken ƙarafa a kusa da Balin. A 1906 Wilm ya gasa alminiyum mai ɗan jan ƙarfe da maganiziyam, ya tsoma shi a ruwa, ya auna taurinsa, ya tafi hutun ƙarshen mako. Da ya dawo ya sake aunawa, sai ya tarar ƙarfen ya ƙara tauri shi kaɗai, ba wanda ya taɓa shi. Daga baya aka gano cewa ƙwayoyin gaurayen ne ke taruwa a hankali su zama ƙananan tsakuwoyi a cikin naman ƙarfen, su hana shi zamewa. Ƙarfin gidajen 2000 da 6000 da 7000 duk daga irin wannan horon yake, na gashi da sanyayawa da jira. Ka jefa firam a wuta ya narke, horon ya tafi, abin da ya rage ƙarfe ne mai laushi.

Ba nan matsalar ta tsaya ba. Tsantsar alminiyum in yana daskarewa yana tsukewa da fiye da kashi 6 cikin 100 na girmansa. Irin su 6063 kuma suna da wani mugun hali: kafin su gama daskarewa sukan yi wani zama kamar na kunu mai gudaji, ba su ruwa ba su dutse. A daidai lokacin, bangon tukunya da yake siriri ya riga ya daskare yana ja, gindin kunne da yake da kauri bai gama ba. Sai wurin ya yage tun yana da zafi. Masu walda sun san wannan, shi ya sa ba sa haɗa 6061 sai da sandar ciko, sau da yawa mai silikon. Ɓangaren nan mai gudaji da na gani da fitila, in ji shi, tun cikin yashin zubi aka haife shi. Shinkafa ta ƙarasa aikin ne kawai.

"To tsohuwar fa?"

"Fistin ce," ya ce. "Ko kan injin, ko gidan giyar mota."

Kayan zubi dangi ne daban, lambarsu ma daban take. Silikon ke musu yawa: rim ɗin mota wajen kashi 7, fistin wajen kashi 12. A kusan wannan adadi na fistin, gaurayen yana narkewa tun a digiri 577, yana gudu kamar ruwa ya shiga kowane lungu na yashi, ya daskare kusan lokaci guda. Silikon kuma, saɓanin alminiyum, kumbura yake yi in yana daskarewa, sai ya rage tsukewar. Shi ne ke ba ƙarfen launin toka, shi ne ke dakushe magagari, don daga yashi ake samo shi. Abin da ya sa fistin ya jure wutar injin shekara da shekaru, shi ya sa tukunyar Gwaggo ta jure icen Gwagwa.

Na tashi ina jin na gama, sai ya ce in zauna, mai nauyin ce ta fi damunsa. Ya ce kilo guda ba ya faɗowa daga sama. Alminiyum mai girman lita ɗaya kilo 2.7 ne. Tutiya mai girman haka ta haura kilo 7, dalma ta haura 11. Akwai kayan da ido ke ɗauka alminiyum ne alhali zubin tutiya ne: tsohon kafireto, mariƙin ƙofa, kan famfo, makullin jaka. Ya ce in kawo tukunyar ɗungurungum, akwai na'urar da ake ɗorawa a jikin ƙarfe ta faɗi abin da ke ciki. Amma kafin nan in je in tambayi maƙerin abu ɗaya: me ya shiga wutarsa a watan Janairu.

Ranar Asabar muka tafi da Gwaggo, tukwanen a bayan a-kori-kura. Maƙerar rumfar kwano ce, ga tarin gawayi, ga akwatunan katako cike da jar ƙasa mai danshi da ake danna tsohuwar tukunya a ciki don fitar da siffa, ga gindin tsohuwar tukunyar gas da aka yanke ana narka ƙarfe a ciki. Wannan sana'a ba ta kai ƙirar fartanya tsufa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta bazu a Afirka ta Yamma, lokacin da tarkacen motoci da injuna suka yawaita. Amma ta zauna daram, har kusan babu gidan biki daga Maraɗi zuwa Abuja da ba a ɗora irin tukwanenta.

Tsohon ya gaishe da Gwaggo, ya dubi tukwanen, bai ce komai ba. Ya ɗaga tsagaggiyar ya ƙwanƙwasa da awartaki. Ya ɗaga mai nauyin, ya ajiye, ya sake ɗagawa. Sannan ya ƙwala wa wani saurayi kira.

"Hajiya, ki yi haƙuri. Wannan ba zubina ba ne, amma daga rumfata ya fita, don haka nawa ne."

Na ce, "Baba, ta yaya ka gane tun ba a faɗa maka ba?"

Ya ce shi bai san lamba ba, amma kaya uku ya sani. Akwai mai tauri, wato kayan injin, wanda in ka sa guduma yake fashewa kamar kasko, cikinsa toka-toka. Akwai mai laushi, su taga da kwano da waya, wanda yake lanƙwasa ba ya fashewa. Akwai kuma na banza. Tukunya da mai tauri ake yin ta. In za a sa mai laushi, kaɗan ne, don kada ta yi gautsi. Abin da Injiniya ya cika mini takarda da shi, tsohon ya faɗe shi a numfashi uku.

Sauran labarin daga bakin yaron ya fito, kansa a sunkuye. A watan Janairu Baba ya tafi gida jinyar ɗan'uwansa, ya bar masa aikin da kuɗin kaya. Ana haka, a tsakiyar watan, hukumomin Babban Birnin Tarayya suka hana 'yan bola yawo cikin gari, suka kuma sanar da rufe kasuwannin panteka na mako biyu, saboda yawan satar murafun magudanan ruwa da wayoyin fitilun titi. Fistin da kan injin ta hannun 'yan panteka suke zuwa. Rana ɗaya kaya suka ɗauke, ga Hajiya tana waya kullum. Sai ya shiga kasuwar kayan gini ya sayi guntattakin da masu haɗa tagogi ke yankewa, ya zuba ta farko. Ya ga 'yar tsaga a gindin kunne, ya daddake ta da guduma, ya goge.

Ta biyu da gwangwanaye ya yi ta, buhu-buhu daga wuraren biki. Baba ya girgiza kai, ya ce gwangwani rabinsa kashi ne. Daga baya Injiniya ya ƙarasa mini bayanin. Gwangwani siriri ne ƙwarai, ga fenti a waje, ga shafe a ciki, ga ragowar lemo. Narkakken alminiyum yana zuƙar iskar haidurojin daga duk wani danshi ko maiƙo, in ya zo daskarewa kuma sai ya amayar da ita ta zama ƙananan kumfa a cikin bango. Fatar nan da ke kare ƙarfen ita ma tana tattarewa ta nutse cikin ruwan kamar yaɗin madara. Inda kumfa da yaɗi suka haɗu daga ciki zuwa waje, nan ruwa ke samun hanya. Gumin ke nan, kuma shi ya kashe mata amo.

"Ta uku fa?" Gwaggo ta tambaya, tana dafe da ita kamar za a ƙwace.

Yaron ya ce da kaya suka ƙare, ya zazzage wani buhu da ke bayan rumfa. Baba ya rufe ido. Buhun na banza ne, inda yake jefa abin da ya tsince ya ware: kafireto, mariƙan ƙofa, guntayen lagireto masu liƙi, har da 'yan ƙarafan da ake maƙala wa rim don daidaita taya. Yaron ya ce shi ya ga ta fi sauran kyawun zubi, ta cika ko'ina, ta fito sumul. Haka ne kuwa, tutiya tun a digiri 420 take narkewa, dalma a 327.

Ranar Litinin na kai ta Idu. Na'urar ta nuna tutiya mai yawa, ta kuma nuna dalma. Mutanenmu da yawa tukunyar dalma suke kiran irin waɗannan tukwane, sunan kawai, ba don ana sa ta ba. Wannan karon sunan ya zama gaskiya. Ba sabon abu ba ne ga masu bincike. A 2014 an buga sakamakon gwajin tukwanen zubi na Kamaru, inda aka tafasa ruwa mai ɗan tsami a cikinsu aka ga dalma tana fita, a 2017 kuma aka faɗaɗa gwajin zuwa tukwane na ƙasashe goma. Wanda ya tuna abin da dalmar haƙar zinariya ta yi a Zamfara a 2010, inda yara wajen 400 suka rasu, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Abin da tukunya ke saki bai kama ƙafar wancan ba, amma dalma taruwa take yi a jiki, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi cutarwa. Miyar tumatir da kunun tsamiya kuwa su ne irin tsamin da ke jawo ta.

Shawo kan Gwaggo ya fi duk binciken wuya. Tukwane biyun da suka ba ta kunya ta yafe su nan take. Wadda ba ta taɓa yi mata laifi ba ce za a ce ta rabu da ita? Sai da Baba ya zo Gwagwa da kansa. Ya kawo sababbi uku da ya zuba da fistin, ya ƙwanƙwasa kowacce a gabanta ta ji amon, ya ce ba zai karɓi ko sisi ba. Tsagaggiyar da mai gumi ya ce zai riƙa gutsura su kaɗan-kaɗan cikin kayan injin. Mai nauyin kuwa ya ce ba za ta sake shiga wutarsa ba, ba kuma zai bar ta a tukunya ba, don ya san in ya juya baya wani zai ɗora ta. Ya ɗauko ƙusa da guduma ya huda gindinta wuri huɗu.

Yanzu tana ƙofar rumfa an cika ta da ƙasa, Gwaggo ta shuka na'ana'a a ciki, na ce mata a'a, ta tuge ta sa fulawa. Daren ashirin da bakwai na je shan ruwa, na tarar da matar tsallaken titi zaune a kan tabarmar Gwaggo. Ashe a maƙerar ta sayi tata tukunyar cikin watan Janairu, ta kawo ta a ƙwanƙwasa mata a ji.